Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Gida Kafin Falke Ya Kama Hanya

 Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimi da kuɗin shingen hanya, mu waiwayi tukunyar da muke bari a baya in mun kama hanya.

Kowa ya san yadda sana'ar nan tamu take. Mutum zai tashi daga Nima ko Mamobi, nan Ankara ta ƙasar Gana, ya canji sefa, ya nufi kasuwar Puytenga ko Fada Ngurma a Burkina. Ya sayi shanu, ya loda wa tirela, ya shigo ta Paga ko Kulungugu, ya sauke a karar Tulaku ta Ashaiman. Mahauta su kwashe bashi, sai sun yanka sun sayar kana su biya. Wato kuɗin falke, in ba suna tsaye bisa ƙafa huɗu a bayan mota ba, to suna aljihun mahauci. A duk tsawon wannan lokaci, me uwargida da yara suke ci? Abin da muka miƙa mata a bakin ƙofa da asuba ne, muna cewa, "Riƙe wannan, sati guda zan yi in Allah Ya so." To, tsakani da Allah, sau nawa satin nan ya zama uku?

Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi sun baro rumbuna a gida. Can, magidanci ba ya barci da daɗi sai ya san dami nawa ne ya rage masa zuwa kaka. Mu da aka haifa a zango ba mu da gona, ba mu da rumbu. Rumbunmu shi ne kasuwar Nima. Kullum safiya a aiki yarinya ta auno olonka guda na masara, a sayo koko da ƙosai a bakin lungu, da rana a sayo wake da shinkafa. Muddin kasuwa na ci, kuma maigida na aiko da kuɗi, lafiya lau. Ranar da ɗaya daga cikin biyun nan ya tsaya, sai murhu ya mutu.

Abin Da Idonmu Ya Gani

Wanda ya kai shekarunmu bai manta da 1983 ba. Muna yara a lokacin, muna zuwa Islamiyya. Ruwan sama ya ƙi zuwa, gobarar daji ta cinye gonakin abinci da na koko. A watan Janairu na shekarar gwamnatin Shagari ta umarci baƙin da ba su da takarda su bar Nijeriya, sai ga 'yan Gana wajen miliyan guda sun kwararo gida ta Aflao da tashar jirgin ruwa ta Tema, suka tarar da ƙasa ba abinci. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito fili, aka sa masa suna sarƙar Rawlings. Mun ga an yi layi wurin mai dokunu ana sayen ɗanyen ƙulli tun bai hau wuta ba, don kada a jira ya dahu wani ya riga ka. Da jar masarar taimako ta iso daga waje, wadda a da ba mai kallonta, har godiya ake yi in an samu.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ba matalauci ba ne. Yana bin mahauta kuɗin shanu masu yawa. Amma wanda kake bi shi ma yana fama da bakin 'ya'yansa, kuma ko ya biya ka, ina hatsin da za ka saya? Abin da ya rufa mana asiri wata ɗabi'a ce ta mahaifiyarmu wadda a da ake yi mata dariya a kai. Duk sanda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hannu guda na hatsi ta zuba a wata tsohuwar randa da ke ƙuryar ɗaki. Randar nan ce ta riƙe mu makonni, har da gidan maƙwabta biyu da ake aika wa kunu da magariba. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yi mata dariya.

Kada wani matashi ya ce wannan labarin da ne. A daren Juma'a 27 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ba da sanarwar kulle Ankara da Kumasi saboda cutar korona, dokar ta soma aiki ranar Litinin 30 ga wata. Kwana biyu kacal aka ba jama'a. Duk wanda ya shiga kasuwa a Asabar da Lahadin nan ya ga turereniya, ya ga yadda garin rogo ya yi tashin gwauron zabi kafin la'asar. Kullen ya yi sati uku. Iyakokin ƙasa kuwa an rufe su tun 22 ga Maris 2020, ba a buɗe wa masu tafiya ta ƙasa ba sai 28 ga Maris 2022. An ce kaya na iya wucewa, mutum ne ba ya wucewa, alhali saniya ba ta kai kanta kara. Da yawanmu dokar ta rutsa da su a hayin iyaka.

A Yunin 2023, ana gab da babbar salla, lokacin da kowane falke ya zuba duk abin da ya mallaka a raguna da shanu, cutar antaraks ta ɓulla a yankin Bolga da Bawku, hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi a jihar na tsawon wata guda. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya da Binin suka rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Duk waɗannan ba wanda aka yi shawara da mu kafin a yi shi. A rediyo muka ji, kamar kowa.

Masu Cewa Kuɗi Sun Isa

Yaran yanzu sukan ce, "Alhaji, ai zamani ya canja, ko ina nake zan tura mata MoMo." Gaskiya ne wayar nan ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Amma me za ka tura in jarinka duka yana cikin tirelar da aka tsare a iyaka? Kuma a dajin da ba sabis fa? Sa'an nan kuɗi kansu ba su da alkawari. A 1982 gwamnatin PNDC ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a, dattawa da yawa da suka cusa su a katifa suka wayi gari da takardun banza. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kuɗin cefanen da ka bari a farkon shekara, a ƙarshenta ba su sayen abin da suka saba saye. Buhun masarar da ka ajiye kuwa, in ƙwaro bai taɓa shi ba, yana nan kilo 100 yadda ka bar shi.

Akwai kuma masu jin tsoron a ce musu 'yan kalabule. Ba mu ga laifinsu ba, don sun ga 1979, lokacin da sojoji suka riƙa bulale 'yan kasuwa kan ɓoye kaya, har aka rushe kasuwar Makola a watan Agusta. Amma malamanmu sun bambance mana abu biyu tun muna Islamiyya. Ihtikari, wanda shari'a ta hana, shi ne ka kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a ke cikin buƙata, ka ɓoye sai ya yi tsada ka fito da shi. Tanadin abin da iyalinka za su ci, wanda ka saya lokacin yalwa, wannan halal ne. Ya tabbata a Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara. Ga kuma ƙissar Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara bakwai na yalwa don shekara bakwai na fari. Wanda ya bar gida ba komai ya ce tawakkali ya yi, to ya tambayi kansa ko ya taɓa barin ƙofar tirela a buɗe ya ce ya dogara ga Allah.

Nawa Ne Zai Isa?

Shawararmu ita ce kwana 40. Kullen korona sati uku ya yi, hanin dabbobi na 2023 wata guda, kuma tafiya ɗaya haɗe da jiran bashin mahauta sau da yawa takan kai haka. Mu ɗauki gida mai mutum 8. In kowane baki zai ci hatsi giram 400 a yini, gidan na buƙatar kilo 3 da 'yan kai kullum, wato wajen kilo 128 a kwana 40. Babban buhun masara guda mai kilo 100, da shinkafa kilo 25, da olonka kaɗan na garin rogo sun rufe wannan. A ƙara wake kamar kilo 20, da mai lita 10, da gishiri kilo 2, da sukari. Kayan miya a nemi busassu: kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, busasshen kifi, kanwa. Mu da nama ke wucewa ta hannunmu kullum, abin kunya ne a ce ba kilishi ko soyayyen nama a gidanmu.

Hatsi ba ya dafa kansa. A ajiye buhun gawayi ko da ana girki da gas, da ashana, da sabulu, da tocila, don mun sha dumso mun san halinsa. Ruwan sha da na girki, a lissafa lita 5 ga kowane mutum a yini. Galan 5 na Kufuor masu lita 25 za su riƙe gidan nan kwana uku in famfo ya ɗauke. In akwai tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, maganinsa na wata guda ya kasance a hannu. Ku lissafa duka, za ku ga bai kai kuɗin bijimi ɗaya mai kyau ba. Rage kai ɗaya daga lodi ba ya karya falke.

Lokacin saye shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da hatsin arewa ya shigo. Daga Mayu zuwa Yuli farashi kan hau. Mu da ke bi ta Tamale da Techiman a kowace tafiya, mun fi kowa damar sayo shi da sauƙi. Wanda bai samu haka ba, ga kasuwar Nima ranar Laraba.

Inda Za A Ajiye

Mun san halin ɗakunanmu na zango: ciki da falo, mutane da yawa, ga laima, ga ɓera. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A ɗora shi bisa katako da bulo, musamman ga masu zama kusa da babban kwalbatin Nima, wanda ke cika ya tumbatsa a watan Yuni. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai na Circle suka ci rayuka fiye da 150. Takardun gida da katin shaida da takardun dabbobi a sa su a leda, a rataye sama.

Masara sai ta bushe ƙarau, ka ciza ka ji ta ce ƙas, kafin a ɗaure. Wadda ta yi fumfuna a zubar, don gubarta na lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Maganin ƙwaro mafi lafiya shi ne a hana shi iska: buhun PICS mai riɓi uku, ko duro mai murfi, ko busasshen galan a cika shi fal da wake a toshe. Muna roƙonku don Allah, ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a manyan sito kada ta shiga ɗakin da ake kwana. A Afrilun 2018, a Accra New Town, nan maƙwabtanmu, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan magani a ɗaki don kashe ƙwari. Kananzir da fetur su ma a nesanta su da murhu.

Tanadi ba a kulle shi a manta. A riƙa ci daga tsohon, ana mayar da sabo, kamar yadda ba ka barin tsohuwar saniya a kara ka sayar da ta jiya. Makulli kuma a hannun uwargida ya dace ya zauna, don ita ta san abin da tukunya ke ci. In mata biyu ne ko uku, a raba wa kowa nata a gaban idonka kafin ka tafi, a huta da rigima. Kuma a sa rabon maƙwabci a lissafi tun farko. A zango ba a cin tuwo a rufe ƙofa yaron wani na kuka, kuma falken da ya maƙale a Bitu, maƙwabcin nan ne zai leƙa gidansa.

Saboda haka 'yan'uwa, tafiyar da ke tafe, kafin mu duba taya da takardar likitan dabbobi, mu fara shiga ƙuryar ɗaki tare da uwargida mu ƙirga buhu. In ta ce, "Maigida, wannan zai kai mu kwana 40," to a yi addu'a a kama hanya.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.