Doki 580 a Kan Jiƙaƙƙiyar Kwalta

(KIƊAN BUƊE SHIRI. ƘARAR RUWAN SAMA, DA RURIN INJI DAGA NESA)

MAI GABATARWA:  Shirinmu na musamman na yau zai kai mu filin tseren motoci, a irin ranar da yawancin direbobi ba sa fatan gani, ranar da sama ta ɓalle da ruwa.

Mu fara da Ingila. Ranar Lahadi, 12 ga Afrilu 1970, a filin Brands Hatch da ke kudu maso gabashin Landan, aka shirya tseren kilomita 1000. Gari ya waye ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin motocin da suka jeru akwai Porsche 917, mota ce da nauyinta bai wuce kilo 800 da 'yan kai ba, amma injinta mai silinda 12 yana ba da ƙarfin doki kusan 580. Ba ta da kwamfutar da za ta hana taya yin santsi, ba ta da na'urar da ke hana birki kullewa. Komai yana ƙafar direba da hannunsa. Direban kuwa wani ɗan ƙasar Meziko ne, Pedro Rodríguez.

Tun a farkon tseren alƙalan fili suka ɗaga masa baƙar tuta, suka ce ya wuce wata mota a wurin da aka ɗaga tutar gargaɗi. Dole ya shigo gefe, ya zauna cikin mota babban alƙali yana yi masa faɗa, abokan karawarsa suna ta wucewa. Da aka sake shi, an ba shi ratar kusan zagaye guda. Daga nan ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya cikin feshin ruwa, har ya karɓe gaba. Tseren ya ɗauki kusan awa bakwai, shi ya tuƙa mafi yawansa, abokin tuƙinsa Leo Kinnunen ya karɓe shi na ɗan lokaci. Da aka kaɗa tutar ƙarshe, ya ba motar da ta zo ta biyu ratar zagaye biyar. Ita ma ta biyun Porsche 917 ce. Mota iri ɗaya, kwalta ɗaya, ruwa ɗaya. To ina ratar nan ta fito?

(ƘARAR MOTA TANA WUCEWA A KAN RUWA)

MAI GABATARWA: Amsar tana ƙasa, inda roba ke taɓa kwalta. Duk girman mota da tsadarta, abin da ya haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Ta nan birki ke aiki, ta nan mota ke shan kwana, ta nan ƙarfin inji ke sauka. Riƙon da taya ke yi wa kwalta kamar mudun hatsi guda ne da za a raba tsakanin mutum uku: birki, kwana da wuta. In ka ba ɗaya da yawa, sauran biyun za su tashi da yunwa. A busasshiyar kwalta mudun cike yake. Ruwa na sauka sai ya ragu sosai, amma inji bai san da haka ba, dawakinsa suna nan yadda suke. Shi ya sa ƙarfin da ke sa mota ta ci tsere a rana ya kan zame wa direba kaya a cikin ruwa.

Aikin zanen da ke jikin taya shi ne kore ruwa gefe don roba ta samu kwalta. A ranar da gari ya bushe, motocin tsere kan sa taya sumul marar zane ko ɗaya, domin ta fi riƙo. In ruwa ya sauko sai a canza zuwa mai zurfin zane. Kamfanin Pirelli, mai yi wa gasar Formula 1 taya, ya taɓa cewa tayarsa ta ruwa mai shuɗin rubutu tana iya kore lita 85 a daƙiƙa guda idan mota na gudun kilomita 300 a awa. Taya ɗaya ke nan. Amma duk da haka akwai iyaka. In ruwan da ke kwance ya fi ƙarfin zanen, sai ya taru a gaban taya ya ɗaga ta, mota ta hau kan ruwa. A wannan lokaci sitiyari zai yi sakayau a hannu, ka juya shi mota ba ta amsa ba, ka taka birki ba ta ji ba. Masu bincike na hukumar NASA ta Amurka sun nazarci wannan a shekarun 1960 saboda jiragen sama masu sauka a jiƙaƙƙen fili, suka gano cewa tayar da iskarta ta yi ƙasa ta fi saurin hawa ruwa. Daga binciken nasu ne aka fara tsaga ƙananan layuka a titin saukar jirage don ruwa ya samu hanyar gudu.

Abin da ƙwararren direba ke yi in mota ta hau ruwa yana da wuyar koyo, domin ya saɓa wa abin da tsoro ke umarta. Zai riƙe sitiyari a miƙe, ya sassauta ƙafa daga totur a hankali, ba zai taka birki ba, ya jira tayoyi su sake samun ƙasa. Wanda ya firgita ya murɗa sitiyari, to da zarar taya ta dafa kwalta, motar za ta bi inda tayoyin gaba suka kalla da dukan gudunta, kuma galibi bango ne a can.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Yanzu mu shiga cikin motar, mu zauna kusa da direba yayin da yake tunkarar kwana.

Abu na farko da za ku lura da shi, ya fara birki tun da nisa, tun motar tana miƙe. Ba ya dankara ƙafa gaba ɗaya. Yana ɗora ta ne, ya ji nauyin mota ya koma kan tayoyin gaba, sannan ya ƙara. Yana gab da juya sitiyari sai ya riƙa sakin birkin sannu a hankali. Sitiyarin ma sau ɗaya yake juya shi, cikin natsuwa, ba ya fizga. A tsakiyar kwana zai yi haƙuri, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Fitowa daga kwana, zuciya na cewa a ba ta wuta, injin yana kira, abokin hamayya yana madubi. Gwani zai jira sai ya fara miƙe sitiyari kafin ya fara taka totur, kuma gwargwadon yadda sitiyari ke miƙewa, gwargwadon yadda ƙafa ke sauka. Sau da yawa zai bi kwanar da giya ɗaya sama da wadda zai sa a rana, ta uku a maimakon ta biyu, don ƙarfin da ke isa tayoyin baya ya zo da sauƙi. Mai kallo daga gefe zai ga kamar ba ya sauri. Agogo ne ke nuna gaskiya.

Sai wani abu da ke ba sabon direba mamaki. A kowane filin tsere akwai layin da kowa ke bi saboda shi ya fi sauri, har ya yi baƙi da robar da tayoyi suka goga masa, ga ɗigon mai, ga kwaltar ta goge ta yi sumul. A rana nan ne riƙo yake. In ruwa ya sauka, nan ne ya fi ko'ina santsi. Don haka gwanayen ruwa kan bar layin kowa su zagaya ta waje, inda kwalta ke da kaushi. Hanyar ta fi tsawo, amma taya na samun abin kamawa. Suna kuma gudun fentin da aka shafa a gefen hanya da duwatsun bakin kwana, domin jiƙaƙƙen fenti ba ya riƙe roba. Kuma layin da ya yi kyau a wannan zagaye ba lallai ya yi a na gaba ba. Ruwa na ƙaruwa, kududdufi na taruwa a wurin da babu shi ɗazu, wani ɗan rafi na ratsa hanya a gangare. Direba na laluben hanya ne tun daga farko har ƙarshe.

In gaban mota ya ƙi shiga kwana, ya miƙe, to ƙara murɗa sitiyari ba ya magani, sai dai a rage wuta a ɗan saki sitiyarin har tayoyin gaba su kama. In kuwa baya ne ya kwashe, abin da motoci masu ƙarfi masu ja da tayoyin baya suka fi yi, direba zai juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, da sauri amma daidai gwargwado, kuma ya shirya mayar da shi nan take, don in ya makara motar za ta fizgo ta ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Ba zai ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya ba, musamman a mota mai inji a baya irin Porsche 911, domin yin haka na kwashe nauyi daga tayoyin baya a daidai lokacin da suke buƙatarsa. Idonsa kuma yana kan inda yake son zuwa. Malaman tuƙi sun daɗe da sanin cewa wanda ya ƙura wa bango ido, hannunsa zai kai shi bangon.

Direbobi kan ce kafin ido ya ga mota ta fara zamewa, jiki ya riga ya ji ta kujera. Wannan jin ba ya samuwa a littafi. Ayrton Senna na Brazil, wanda ake sa shi a sahun farko in ana maganar tuƙin ruwa, tun yana yaro yake fita da ƙaramar motar tsere ta yara in ana ruwa don ya koya.

(RURIN INJI, SANNAN YA LAFA)

MAI GABATARWA: Senna ɗin ne ya nuna wa duniya wani ɓangare na wannan fasaha a Donington, Ingila, a watan Afrilun 1993. Ya tashi a na huɗu, ya koma na biyar a farkon tashi, amma kafin a gama zagaye na farko ya wuce Michael Schumacher, Karl Wendlinger, Damon Hill da Alain Prost. Ranar ruwan wasa ya riƙa yi da su, ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa. Irin wannan yanayi ya fi ruwa mai ƙarfi rikitarwa, domin tayar ruwa na zafi ta lalace in kwalta ta fara bushewa, har za ka ga direba na neman kududdufi da gangan don ya sanyaya ta, taya sumul kuma ba ta da amfani in ruwa ya dawo. Prost ya shiga canza taya sau bakwai, Senna sau huɗu, kuma ya ci da ratar fiye da minti guda.

Motocin yau sun samu mataimaka. Motocin tsere na rukunin GT3 suna da na'urar hana birki kullewa da mai rage wuta in taya ta fara santsi, direba na iya ƙara ko rage aikinsu da maɓalli. Samfurin Porsche 911 da ya fito a ƙarshen 2018 har da na'urar da ke sauraron ƙarar feshin ruwa a bayan tayoyin gaba, ta gargaɗi direba cewa hanya ta jiƙe. Abubuwa ne masu amfani ƙwarai, sun hana haɗurra da yawa. Sai dai dukansu rabon riƙon da ke akwai suke yi. In taya ta rabu da kwalta, babu kwamfutar da ke da abin rabawa.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so masu sauraro su riƙe, musamman matasanmu masu sha'awar motoci. A watan Oktoban 1976, a filin Fuji na Japan, Niki Lauda na kan gaba a gasar duniya ta Formula 1 da maki uku, tsere ɗaya ya rage. Watanni uku ba su cika ba da ya tsira daga gobarar mota a Nürburgring ta Jamus. Ruwa ya cika hanya, ba a ganin gaba. Ya yi zagaye biyu, ya shigo ya ajiye motar Ferrari ya fito. James Hunt ya zo na uku, ya ɗauke kambun da maki ɗaya tak. An soki Lauda, wasu suka kira shi matsoraci. Ni dai ina ganin hukuncin da ya yanke daga cikin ƙwarewar yake, daidai da sanin inda za a taka birki. Ya dawo ya ci gasar a 1977, ya sake ci a 1984.

Kuma tsoron nasa yana da dalili. Ranar 5 ga Oktoba 2014, a Suzuka, cikin ruwan da wata guguwa ta kawo, motar Jules Bianchi na Faransa ta ƙwace ta daki motar ɗaga kaya da ta shigo janye wata motar da ta yi haɗari a wurin. Ya rasu a watan Yulin 2015 yana da shekara 25. Bayan haɗarin aka kawo dokar da ke tilasta wa duk direbobi rage gudu lokaci guda in ana aiki a gefen hanya.

A yau babbar matsalar ma ta koma ta gani. Tayar da ke kore lita 85 a daƙiƙa, sama take watsa ruwan, ƙasan motar ma na tsotso shi ya fesa baya, wanda ke biye ba ya ganin komai sai jar fitila mai ƙiftawa, wani lokacin ko ita ba ya gani. A Spa ta Beljiyam, a watan Agustan 2021, 'yan kallo sun jira fiye da awa uku cikin ruwa, motoci suka yi 'yan zagaye kaɗan a bayan motar tsaro, aka tashi, aka raba rabin maki. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta gwada sanya murfi a kan tayoyi don rage feshin, a Silverstone a 2023, sannan a Fiorano ta Italiya a 2024. Gwajin bai rage feshin yadda ake buƙata ba, aka jingine shi.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)