Kalmar "shapely"

A harshen Ingilishi akwai kalmar da ake kwatanta jiki mai kyawon ƙira da ita. Ita ce "shapely". Haruffanta 7 ne, gaɓoɓinta 2. Ana rubuta "e" a tsakiyarta, amma ba a furta shi.

Tushenta "shape" ne, watau ƙira, aka ƙara masa "-ly" a ƙarshe. Yawancin kalmomin da ke ƙarewa da "-ly" suna nuna yadda aka yi wani aiki. Wannan kuwa sifa ce, tana kwatanta mutum ko abu.

"Shapely" ba ta nufin ƙiba, ba ta nufin rama. Tana nufin kowane sashe na jiki ya dace da ɗan'uwansa. Bahaushe yakan ce mai diri, da Faransanci kuma "bien fait". Kishiyarta "shapeless", watau marar fasali.

An fi amfani da ita ga mace. Namiji ƙaƙƙarfa, irin ɗan kokowa, "well-built" ake ce masa. Ana kuma faɗin ta ga abin da aka gina, kamar tulun Mirriya wanda wuyansa ya dace da cikinsa.

Amma sai an kula. Kalmar tana yabon jikin mutum ne. Ɗan lakwal mai ladabi ba ya faɗa wa malamarsa ko baƙuwa ita, domin za a ɗauke shi marar kunya.

Tambayoyi
1. Mene ne tushen kalmar?
2. Don me ba a faɗa wa kowa ita?