Kuɗin Talla A Google: Lissafin Mai Wankin Kafet A Kafin Hausa

Akwai wata sana'a wadda ta bazu cikin garuruwan ƙasar Haɗeja ba tare da kowa ya yi mata shela ba, watau wankin kafet da darduma. Galibi samarin da ke wankin mota a bakin hanya su ne ke haɗawa da ita. Akan shimfiɗa kafet bisa siminti, a zuba masa omo, a dirje shi da buroshi, a fesa ruwa da inji, sa'an nan a rataye shi bisa katanga ya sha rana. A Kafin Hausa kuwa, jami'ar jiha da aka kafa a shekarar 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, ta kawo malamai da ma'aikata da ɗalibai, mutane masu kafet a ɗaki da waya a hannu.

Wani ɗan ƙanwata mai wannan sana'a ya zo mini da dare bayan lisha, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, rance nake nema, naira 30,000. So nake in sa talla a Google, duk wanda ya nemi mai wankin kafet ya ga sunana a sama." Na ce masa, "To ɗana, madalla. Mutum nawa kake tsammani kuɗin nan za su kawo maka?" Ya yi shiru. Na tabbata da yawa cikin masu karatu, malaman makaranta da akawuna, an zo musu da irin wannan roƙo, ko kuwa ana nan tafe, gama mai albashi shi ne bankin danginsa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta lissafin da muka yi a daren nan.

Da fari sai mu san irin cinikin. Kamfanin Google ya soma sayar da wannan talla cikin shekarar 2000 da sunan AdWords, aka sake masa suna Google Ads cikin 2018. Mai sana'a yakan zaɓi kalmomin da yake zaton masu bukatarsa za su rubuta, ya faɗi iyakar abin da zai biya. Duk sa'ad da wani ya rubuta kalmar, nan take akan yi gwanjo tsakanin masu talla, a duba tayin kowa, a kuma duba dacewar tallarsa da abin da aka nema. Ba a biyan ko kwabo don an ga talla, sai in an taɓa ta da yatsa. To a nan ne fa mutane ke ruɗewa. Dillali a kasuwa ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. Wannan dillalin kuwa da zarar ya kawo maka mutum bakin rumfa ya ci ladansa, ko mutumin ya saya, ko ya leƙa kurum ya wuce.

Saboda haka ba daga aljihu ake fara kasafi ba, daga ribar kafet ɗaya ake farawa. Ga misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa nasa alkaluman. A ƙaddara ana wanke kafet na falo a kan naira 6,000. Omo, da ruwan 'yan garuwa, da man inji, da ladan yaro, da kuɗin a-daidaita-sahu na ɗauka da mayarwa, a ce sun ci 4,000. Riba ta zama 2,000. A ƙaddara kuma kowace taɓawa naira 100 ce, cikin mutum 10 da suka taɓa ɗaya ne ya buga waya, cikin masu bugawa kuma rabi ne suka ba da aiki. Ashe sai an taɓa sau 20 kafin a sami kafet ɗaya, watau naira 2,000. Riba ta tafi ɗungum, mutum ya yi wanki a banza.

Har wa yau da saura. Abin da ake rubuta wa Google shi ne kuɗin yini. Amma ka'idarsu ita ce suna iya kashe har ninki biyu na wannan a rana guda in masu nema sun yi yawa, sai dai cikin wata ba za a caje ka fiye da kuɗin yinin sau 30.4 ba, watau matsakaicin kwanakin wata. Wanda ya rubuta naira 1,000 a yini, lalle ya shirya wa 30,400. Sa'an nan ga harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, shi ne ƙarin 2,280. Jimla 32,680. Bisa ga misalinmu wannan zai sayi taɓawa 304, ya kawo aiki 15, riba 30,000. An faɗi da 2,680 ke nan, ba a ko sa kuɗin data ba. Da muka kai nan sai yaron ya ce, "Kawu, ashe asara ce." Na ce ya dakata tukuna.

Abin da ke ceton lissafin shi ne dawowa. Mutumin da aka wanke wa kafet ya fita tas, ba wari, aka kai masa ranar da aka yi alkawari, ba zai sake tambayar Google ba, lambar wayarka zai nema. In ya kawo sau uku a shekara, ribarsa ta zama 6,000, alhali sau ɗaya aka biya kuɗin samunsa. Balle a ce tallar ta jawo kwamitin masallacin Juma'a, ko masauki, ko ofis, inda shimfiɗa ɗaya ta fi ta gida goma. Mai aikin ha'inci kuwa, wanda ke naɗe kafet da danshi, kowane mutum sau ɗaya zai gan shi, kullum sai ya sayi sabo. Irin wannan gara ya riƙe kuɗinsa ya gyara aikinsa.

Tsofaffin ma'aikatan baitulmali, waɗanda suka yi aiki kafin a mai da En'e ƙananan hukumomi cikin 1976, sun san ba a fitar da kuɗi sai an san kan da za a rubuta su a ƙarƙashinsa. Haka nan ma. Kai na fari shi ne wuri. Ana iya zana da'ira bisa taswira a ce nan kaɗai za a nuna talla. Da'irar kilomita 40 daga Kafin Hausa ta isa ta haɗa da Auyo da Haɗeja. Amma a lura, in ba a gyara ba, Google na iya nuna ta har ga mutumin da ke zaune Kano ko Legas wanda ya nuna sha'awar wurin kawai. Tilas a zaɓi waɗanda ke cikin da'irar da jikinsu, gama ba mai aiko da kafet daga Legas.

Kai na biyu kalmomi. Akwai gurbin da ake rubuta kalmomin da ba a so, domin kada talla ta fito wa mai neman sayen sabon kafet, ko farashin ledar ɗaki, ko mai neman aikin yi. Mai hikimar da ya ce zai yi Hausar sarauta ya rubuta "kilishi", to ya sani masu kwaɗayin nama ne za su cinye masa kuɗi, ko ɗaya cikinsu ba shi da abin wanki. A kuma tuna mutanenmu da yawa da Turanci suke nema, waɗansu su rubuta Hadejia, waɗansu Hadeja. Sai a sa duka.

Kai na uku lokaci, shi ne kuwa wanda baƙo ba zai sani ba. Raba kuɗi daidai cikin wata 12 kuskure ne a ƙasarmu. Hazon hunturu yana cika ɗakuna da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, rana kuma na busar da kaya da wuri. Gab da azumi masallatai kan gyara shimfiɗa domin tarawihi da tafsiri, kafin Salla ƙarama da Babba kuma gidaje kan yi kwalima. Tun da yake watannin Musulunci na matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, mai kasafi sai ya bi wata, kada ya kwafi na bara. Cikin Agusta da Satumba kuwa a rufe talla. Sama a lulluɓe take, kafet mai kauri sai ya yi kwanaki bai bushe ba, har ya soma tsami. In kuma Kogin Haɗeja ya cika ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi ɓarna cikin 2020 da 2022, hanyoyi kan yanke. Wani zai ce ai bayan ruwa ya janye kowane gida na da jiƙaƙƙen kafet. Gaskiya ne, amma manomin da shinkafarsa ta nutse a fadama hatsi yake nema, ba mai wanki ba. Masu albashi da hukumomi su ne za a iya samu a Oktoba.

Wani abu kuma: kuɗin ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusu ba a sake shi daga baya. Wanda ke karɓar naira kada ya ɗaura wa kansa bashin dala. Waɗanda suka ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta cikin Yunin 2023 ba su bukatar ƙarin bayani.

Yanzu ga ra'ayina, ba kuwa zan ɓoye ba. Wannan talla ba ta ƙirƙiro bukata, mai nema kaɗai take tarewa. A Kano ko Kaduna, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba, masu nema na da yawa. A Kafin Hausa wanda ke son mai wanki yakan tambayi abokin aikinsa, ko ya cigita a majalisa bayan la'asar. Google da kansa, in kalma ba ta da masu nema, yakan yi mata alama ya jingine ta har sai sun ƙaru. Saboda haka abin da ya fi yiwuwa ba ƙarewar kuɗi ba ne, a'a, a zuba su ne su kwanta, sai mutum ya ƙosa ya faɗaɗa da'ira ya saki kalmomi, daga nan kuwa ɓarna ke shigowa. Akwai kuma rajistar sana'a a taswirar Google, wadda kyauta ce: suna, da wuri, da lambar waya, da hoton aiki. Wanda bai yi wannan ba, bai kai ga maganar biya ba.

Ga yadda muka rabu da yaron. Na ba shi rancen, amma da sharaɗi. Zai fara yin rajistar kyauta. Sa'an nan wata guda kafin azumi ya sa naira 500 a yini, watau 15,200, da haraji 16,340. Zai sayi littafi mai layi, duk wanda ya buga waya ya tambaye shi inda ya ji labarinsa, ya rubuta kwanan wata, da unguwa, da abin da aka biya. Sauran 13,660 kuwa ya kafa turaku ya ɗaura ƙarfen shanya, domin katangar da yake rataye kayan mutane ta maƙwabcinsa ce, awaki kuma na hawa. Bayan Salla zai kawo mini littafin mu ƙirga.