Daga Abu Fatila Zuwa Adaka: Awon Albarushi da Zaɓen Harsashi

A gidan tarihin Sheikh Faisal bin Qassim Al Thani da ke Shahaniya, yamma da Doha, akwai tsofaffin bindigogi masu dogon baki da aka yi wa ado da azurfa. Larabawan wannan yanki suna kiran irin mai lagwani Abu Fatila. Bahaushe yana ganinsu zai gane dangi, domin 'yan uwan adakarmu ne, wadda wasu ke cewa bindigar toka, masu tsokana kuma su ce harbi-ruga. Duk ta baki ake ɗura su: albarushi, sai matoshi, sai harsashi, a danna da sanda. A Qatar sun zama kayan kallo, hankalin mafarauta yana kan shaho da bindigogin zamani da ake bajewa a kasuwar Suhail a Katara da ke Doha tun 2017. A wurinmu kuwa maharbi na shiga daji da ita har gobe, ita ce kuma ke tsawa a Hawan Sallah na Kano da Katsina da Zariya.

Wanda ya sayi harsashin kwanso, kamfani ya riga ya auna masa komai. Mai adaka kuwa shi ne ma'auninsa, kuma a nan hatsarin yake. Da yawa suna zubawa a tafin hannu su kimanta da ido, wasu su ƙara "don ta yi ƙarfi". Albarushi baƙi, wato haɗin gishirinsa da gawayi da farar wuta, ba ya biyan ƙari yadda ake zato. Idan ya wuce abin da bututu zai ƙone, sauran hayaƙi ne da ƙara da naushin kafaɗa, saiti kuma ya lalace. Maharban Amurka masu wannan bindiga har yau suna awo da giren, wanda bai kai kashi 1 cikin 15 na giram ba. Ga bindigar kamfani mai faɗin baki milimita 12.7, sukan fara daga giren 50, su riƙa ƙara biyar-biyar suna harbin allo, har su ga inda harsasai suka taru wuri ɗaya. Wannan lissafi na bututun da aka gwada ne a masana'anta. Adakar da maƙeri ya ƙera da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota ba ta cikinsa, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya gwada juriyarta da yatsunsa ba.

Girman tsabar albarushin ma da magana. Mai laushi yakan ci wuta da sauri, ya tara matsi farat ɗaya, shi ya sa ake ba babban baki mai gauri, ƙaramin baki mai laushi. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne fasa harsashin zamani a juye garinsa cikin adaka. Wannan gari marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, matsinsa ya fi ƙarfin irin wannan bututu, tarwatsa shi yake yi a fuskar mai harbi.

Harsashi kuwa dalma ce, saboda nauyinta da taushinta. Dunƙule mai faɗin milimita 12.4 yakan kai giram 11 da rabi, ana naɗe shi da ƙyalle mai maiƙo don ya toshe iska. Mai tsini irin na Minié, da ya fito wajen 1849, ya fi nauyi da nisa, amma sai bututu mai zanen murɗe a ciki yake yi masa amfani. Adakarmu sumul take, don haka dunƙule ga babbar dabba a kusa, ƙananan tsaba ga zabo da fakara. Guntayen ƙusa da ƙwallon baris da ake cusawa suna kankare bututu, suna iya maƙalewa, kuma sau da yawa raunata gada kawai suke yi ta gudu ta mutu a banza.

Wajen danna harsashi, sai ya zauna daram a kan albarushi. In aka bar fili tsakani, bututu na iya kumbura ko ya fashe. Haka ɗuri biyu: mutum ya ɗura da asuba, ya manta, ya sake da yamma. Maganinsa mai sauƙi ne, a tsaga alama a jikin sandar ɗuri a daidai inda take tsayawa in an yi ɗuri ɗaya. In aka ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon daji har minti guda, kada a leƙa. Ba a kuma zubawa kai tsaye daga gora ko ƙaho, don ragowar tartsatsi na iya kamawa har cikin goran.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa adaka cikin bindigogin da ake neman lasisinsu daga kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda ya shiga ƙungiyar maharba, Sarkin Baka na garinsu zai nuna masa hanyar.