KADA A CIRE MA KYANWA AKAIFA

Ƴan uwa makiyaya da manoma, yau zancenmu a kan kyanwa ne, wadda wasu ke ce ma mussa ko mage. Ba a kai ta kasuwa, ba a tatsar ta, amma ita ce mai gadin rumbu.

Kwanan baya wani magidanci ya kawo mini kyanwarshi, ƙafafun gaba sun kumbura suna fidda mugunya. Ta ci mashi ƴan tsaki uku, sai ya sa awartaki ya zare mata akaifu. Ya ce ya ji Turawa ma haka suke yi. To, bari mu warware zancen.

Yaya akaifar kyanwa take?

Kyanwa tana da akaifu 18: biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Akaifarta ba irin tamu ba ce. Daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsa take tsirowa. Saboda haka, in ana so kada ta sake fitowa, sai an yanke wannan ƙashin gaba ɗaya. Kamar a guntule ma mutum kowane yatsa a gaɓar ƙarshe ke nan. Ga shi kuma a bisa yatsunta kyanwa take tafiya.

Gaskiya ne a Amurka an daɗe ana wannan aiki a asibitin dabbobi, don kada kyanwa ta yaga kujerun ɗaki. Amma can ma an fara bari. Jihar New York ta hana a 2019, jihar Maryland ta bi a 2022. A Turai kuwa, tun 1987 aka yi yarjejeniyar da ta hana shi, sai in ciwo ne ya tilasta.

Mine ne illarshi?

1. Zubar jini da ruɓewar miki, balle in da wuƙa ko awartaki aka yi.
2. Ɗingishi da ciwon ƙafa, wani lokaci har iyakar ranta.
3. Kama kusu yana yi mata wuya. Hatsin rumbu ne zai biya.
4. Hawa icce ko katanga yana yi mata wuya in kare ya biyo ta.
5. Da yawa sukan koma cizo, tunda makaminsu ya tafi.

To, mi za a yi?

In don kaji ne, a kife ƴan tsaki cikin akurki ko babban kwando har su yi wayo. Wannan ya tsare su daga shaho ma. A riƙa ba kyanwa ɗan abinci kullum. Ƙoshi ba ya hana ta farautar kusu.

In tana kartar buhu ko tabarma, halinta ne, da haka take fidda tsohon ɓawon akaifa. A aje mata guntun icce kusa da wurin kwananta.

In akaifa ta yi tsini ƙwarai, a datse bakin kawai, wurin da yake fari. Kada a taɓa jan wurin da ke ciki, nan jini da jijiya suke.

Gargaɗi biyu

Kada ku ba kyanwa paracetamol don ciwo. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

In kyanwa ta karci yaro ko ta cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, a kai shi likita a ranar. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Ku kawo ta ma'aikatar kiwo a yi mata allurar rigakafi tun tana da wata uku.

Dabba tana da haƙƙi a kanmu. Ku bar ma kyanwa akaifarta, ita kuma ta tsare maku hatsinku har damina.