Sirrinki Amana Ne a Hannun Likita

A wannan fitowa za mu duba wani ɓangare na aikin likita da ba a cika magana a kansa ba, wato tsare sirrin majiyyaci. Mata da dama daga Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, har da 'yan'uwanmu masu ƙetarowa daga Nijar, kan zo awon ciki su ɓoye muhimman abubuwa, don gudun kada maganar ta riga su isa gida.

Rantsuwar likita

Likita yakan yi shekara 6 a jami'a, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Ranar da aka yaye shi yakan yi rantsuwa a gaban hukumar kula da likitoci ta ƙasa, rantsuwar da ta samo asali daga wadda likitocin duniya suka tsara a birnin Janiba a 1948. Cikin alkawuran da yake ɗauka akwai riƙe sirrin majiyyaci ko bayan ya rasu. Likitan da ya saɓa za a iya ladabtar da shi, har ya rasa lasisinsa. Mu ma, nas-nas da ungozoma, wannan amana tana wuyanmu.

Me doka ta ce?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin da ya shafi ciwonki, maganinki ko kwanciyarki a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininki, ko umarnin kotu ko na doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. A 2023 kuma aka kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsaurara wa tsaro, a takarda suke ko a kwamfuta.

Ina bayananki ke zuwa?

Katin awo yana hannunki, fayil kuma yana ɗakin kati. A ƙarshen wata asibiti kan aika rahoto zuwa ƙaramar hukuma da Dutse, amma adadi kawai ake turawa: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu. Ba a sa suna. Idan aka tura ki daga Maigatari zuwa Babban Asibitin Gumel ko nan asibitin koyarwa, takardar ta masu duba ki ce kaɗai.

Naki aikin

Ki faɗi gaskiya. In kin taɓa ɓari, ko jijjiga, ko zubar jini bayan haihuwa, ko an taɓa yi miki aiki, ko kina shan maganin gargajiya, ki sanar da mu. Mahaifar da aka taɓa yi wa aiki tana iya yagewa a doguwar naƙuda, kuma in mun sani da wuri za mu shirya. In kina jin nauyin wadda ta rako ki, ki nemi ganin ungozoma ke kaɗai. Haƙƙinki ne.

Kada ki ara wa kowa katinki, domin rukunin jininki da awon jininki naki ne, za su iya sa a yi wa wata magani bisa kuskure. Kada kuma ki bari a ɗauki hotonsa a waya.

Maigida da iyaye

Alhaji, Hajiya, kada ranku ya ɓaci in malamar asibiti ta ƙi karanta muku fayil. Sakamakon gwajin ƙanjamau, alal misali, mai shi ake fara gaya wa. Mukan ƙarfafa mata gwiwa ta sanar da mijinta, su zo tare a gwada shi, domin shan magani a kan kari yana kare jariri daga kamuwa. Macen da ta tabbata za a rufa mata asiri ita ce ke dawowa awo.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu masu albarka, amin.