Ginin Gida A Tasawa Da Mayahi: Siminti Ya Sauka, Amma A Yi Hattara Da Fili

A garuruwanmu irin su Kona da Tasawa da Mayahi, ba kasafai ake sayen ginannen gida ba. Abin da muka saba shi ne ɗan kasuwa ya sayi fili, ya ja katanga, sannan ya riƙa ɗora ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Mata kuwa da kuɗin adashe da ribar ƙosai ko ƙuli-ƙuli suke tara bulo. Saboda haka, duk mai son sanin tsadar gida a wannan yanki, sai ya dubi abu biyu: kuɗin kayan gini da kuɗin fili.

Idan ba mu manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Nijeriya. Kwanon rufi da fenti da ƙusa da ake kawowa daga Kano da Katsina suka yi wuyar samu, magina da dama suka ajiye cokali. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar. Sai dai iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da ke zuwa ta teku suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, wadda ta fi nisa da cin kuɗin mota.

Ana cikin haka sai ga ambaliyar daminar 2024, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidajen ƙasa sun zube ba adadi. A watan Oktoba na shekarar, gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100 domin jama'a su samu sake gini. Wannan ne ya ba masu kango ƙarfin gwiwar komawa bakin aiki.

To, amma siminti kamfani ke yin sa, ga na Malbaza nan a jihar Tawa. Fili kuwa ba a ƙera shi. Jama'a na ƙaruwa, gonakin bakin gari na komawa unguwanni, musamman kusa da kasuwa da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da ta ratsa Tasawa. Bayan ambaliyar, filin tudu ya ƙara daraja, shi kuwa na kwari sai dillali ya yi ta zaƙin baki. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Don haka muna jan hankalin 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata. Da farko, kada a biya kuɗin fili da rani ba tare da an tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya da damina ba. Na biyu, idan gonar gado ce, a tabbatar duk magada sun amince, domin sayarwar mutum ɗaya kan jawo shari'ar shekaru. Na uku, a yi takarda. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda a yau ake samu tun daga matakin ƙauye har na gunduma, kuma ana rubuta shaidar ciniki gaban mai gari da shaidu. Filin da aka yanka a cikin gari kuwa, ofishin magajin gari ke ba da takardarsa.

Ke kuma Hajiya, idan da kuɗin adashenki aka saya, sunanki ya kamata ya hau takarda, ba na miji ko na ƙane ba. Zumunci daban, hakki daban. Gara a jinkirta ginin ɗaki ɗaya a biya kuɗin takarda, da a gama gida a wayi gari wani ya zo da tasa.